Wajen tuwon Hajiya a Idi-Araba: ga ɗaliban da suka tsallako iyaka

Ƙannenmu da suka samu gurbi a jami'ar Legas suna ta tambayata a WhatsApp wai ina mutum zai ci abinci irin na gida ba tare da aljihu ya girgiza ba, to bari in yi bayani gaba ɗaya in huta. Ni daga Maraɗi na zo, likitanci nake karantawa, kuma duk wanda ya san tsarin ya san shekarar farko a Akoka, babbar harabar jami'ar, ake yinta, daga nan a tattaro ku a kawo Idi-Araba inda kwalejin likitanci da asibitin koyarwa na LUTH suke tun 1962. Sa'ar da muka yi ita ce unguwar cike take da Hausawa, wani layin in ka shiga sai ka rantse kana Fagge ta Kano.

Wajen da nake nufi ba shi da allo, kowa wajen Hajiya yake cewa. In ka fito ƙofar asibiti ka nufi cikin unguwa tafiyar ƙafa ce, ka tambayi duk mai shayin da ka gani zai nuna maka. Rumfa ce ta kwano, benci huɗu, tebur mai leda a kai, sai manyan kuloli jere a gabanta.

Tuwon dai shi ne magana. Na shinkafa da na masara kullum akwai, na dawa sai jefi-jefi in an kawo mata daga arewa. Miyar kukarta wallahi ba ni da abin cewa, daddawa ta ji, ba ta tsinke ba kuma ba ta yi kaurin da za ka riƙa kokawa da ita ba, kuma in ka ce a sa man shanu sai ta buɗe wata 'yar roba da take ɓoyewa ƙarƙashin tebur ta ɗiga maka rabin cokali, ƙamshin kaɗai ya isa ya sa na kusa da kai ya waigo. Taushe ma ba laifi in lokacin kabewa ne. Amma fa ka zo bayan magariba, lokacin ne ake sauke sabon tuƙi. Na rana sau da yawa ya riga ya sha iska, ya yi ɓawo a sama, ita kanta in ta saba da kai za ta ce "likita, ka haƙura ka dawo anjima, wannan ba naka ba ne". Duk wanda ya sa farar riga likita ne a wajenta, ko da jiya ya fara aji biyu.

Shinkafa da miya kar ka soma. Ba ta iya ba ko kuma ba ta damu ba, miyar ruwa-ruwa ce, attaruhu ya yi mata yawa don a burge masu garin, in jalof kake so Yarabawan da ke bakin titi sun fi ta nesa ba kusa ba. Fura ma haka, da madarar gari ake haɗa nonon, wanda ya tashi da furar gero da kindirmo a Maraɗi ko Damagaram cokali ɗaya zai yi ya gane. Ina sha dai saboda zafi. Waina kuwa ranar Juma'a da safe take yi, kafin ƙarfe tara ta ƙare.

Batun kuɗi shi ne ya fi damun ɗan waje. Mu da ake turo wa sefa daga gida, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 in ka je wajen 'yan canji sai ka ga an ba ka kuɗi himili guda ka ɗauka ka yi arziki, ka shiga kasuwa su narke. An cire tallafin mai a watan Mayun shekarar, kuɗin mota ya tashi, kuma tumatir da albasa da tattasan da take sayowa a kasuwar Mile 12 yawanci a tirela suke zuwa daga arewa, dole farashi ya bi. Malmalarta ta ƙanƙance, kowa ya lura, amma har yanzu malmala biyu da nama ɗaya bai kai rabin abin da za ka kashe a wuraren cin abinci masu AC na Surulere ba. Tana karɓar tiransifa, sai dai yaronta ba ya barinka ka tashi sai alat ya shigo, in netwok ya ƙi to ka gyara zama.

Abin da ya sa nake tura mutane wajenta ma ba miyar ba ce kawai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, turo kuɗi ya zama wahala sosai, wasu cikinmu sai da suka yi makonni ba ko sisi, kuma ga jarabawa a gaba. Matar nan littafi ta ɗauko, irin na 'yan firamare mai hoton ƙwallo a baya, ta buɗe wa kowane ɗan Nijar shafinsa, ka ci a rubuta. Ba ta taɓa yi wa wani maganar a gaban mutane ba, iyaka in ya yi yawa ta ce "ɗana, an yi waya da gida kuwa?" shikenan ka gane. Har iyakar ta buɗe a farkon 2024 littafin yana nan, yanzu ma yana nan, amma ba ranar farko za a buɗe maka ba, sai wani tsohon ɗalibi ya kai ka ya ce ya sanka.

Wajen zama kam sai haƙuri. Zafi, ƙarar janareton mai aski da ke maƙwabtaka, ga hayaƙin gawayi. Da damina, musamman Yuni da Yuli, kwatar gaban rumfar cika take ta malalo, sai an jera bulo ana takawa, kar ka kuskura ka zo da takalmin da za ka shiga wod, wato ɗakin marasa lafiya, da shi. Ruwan wanke hannu a buta yake da sabulu, wannan na yaba, kwanuka ma ana wankewa a gabanka. 'Yan mata yawanci ba sa zama don bencin duk maza ne, 'yan dako da masu gadi da mu, sai su ba da kula a zuba musu su tafi hostel, in kin zo da taki kular ma an fi cika miki.

Wanda yake Akoka har yanzu, gaskiya ban ce ka riƙa zuwa kullum ba. Danfo, wato motar haya, zuwa Yaba, wani zuwa Ojuelegba, sannan keke napep, ga shi tun 2022 an hana okada a wannan yankin, in go-sulo ya kama ka kuɗin mota da lokacin sun fi tuwon tsada. Ka bari sai Juma'a, ka zo da wuri ka samu waina, ka yi sallah a unguwar, ka jira na dare. Lahadi ba ta fitowa.