Daga Agege: Dusar Barasa a Abincin Kaji

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan kowa lafiya a Maraɗi. Ka ce in duba maka abin da masu gidan gona suke ba kajinsu a nan Legas, tunda masara ta yi tsada.

Wajen masu niƙa abincin kaji a Oko-Oba akwai wata dusa da ba mu saba da ita ba a gida, wato ragowar hatsi bayan an cire barasa. Wadda aka fi gani ta kamfanonin giya ce, irin na Iganmu da Ikeja, kuma har da dawar Arewa suke aiki. Amma wadda ta fi kyau ita ce ta matatun itanol, wato barasar da ake haɗawa da fetur, irin busasshiyar dusar masara da Amurka ke fitarwa, wadda ake kira DDGS. Idan masara kilo 100 ta shiga matata, wajen kilo 30 ke fitowa dusa. Sitacin ne ya tafi, furotin ya tsaya, sai ya tashi daga kashi 9 cikin 100 zuwa wajen 27. Kuma tana sa gwaiduwar ƙwai ta yi ja, irin yadda masu saye suke so.

Sai dai a yi hattara. Kamar yadda furotin ya ninka, haka dafin fumfuna ke ninkawa idan masarar da ma ta lalace. Ta kamfanin giya kuwa a jiƙe take fitowa, kwana biyu uku ta fara wari, ga Legas ba ta rabo da raɓa da ruwan sama. Ga ɓawo da yawa, cikin kaza ba ya niƙe shi. Kaji masu ƙwai kada dusar ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na abincinsu, 'yan tsaki kashi 5 ya ishe su.

Na san za ka tambayi halaccinta. Busasshiyar ba ta da maye, amma ciniki da gidan giya magana ce daban, wannan ka kai wa Malam.

Ni dai a ganina, Yaya, kada ka biya kuɗin mota a kanta. Ƙuliƙulinmu na gyaɗa ya fi ta furotin nesa ba kusa ba, ga dusar gero a kowane gida, ga rana mai busar da komai kyauta. Abin da suka fi mu a nan awo ne: kowane buhu da sikeli ake haɗa shi, mu kuwa da tiya da ido. Idan direban da ke kawo albasa kasuwar Mile 12 zai dawo, zan aiko maka da ƙaramin sikeli. A gaida Inna da yara.