Inda za a nemo 'yan Latino don kwamitin ƙungiyar kula da masu jego a Amurka

Kusan ɗaya cikin huɗu na jariran da ake haifa a Amurka uwarsu 'yar Latino ce, wato mai asali da ƙasashen Latin Amurka, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, ta ce mai jego ɗaya cikin takwas na fama da alamun ciwon damuwa bayan haihuwa. Amma ka leƙa kwamitin amintattun ƙungiyoyin da ke wannan aiki, sau da yawa ba ko mutum ɗaya mai jin Sifaniyanci. Ƙungiyar da ke son gyara wannan tana da ƙofofi, sai dai ba kuɗinsu ɗaya ba.

Mafi sauƙi ita ce talla a LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki. Ba ta cin kuɗi sosai, amma masu amsawa galibi lauyoyi ne da ma'aikatan banki masu neman ƙarin suna. Kamfanonin farautar ƙwararru kuwa ga tsada, ga shi kujerar ba albashi. Ƙaramar ƙungiya ta bar su kawai.

Sai ƙungiyoyin ƙwararru. National Association of Hispanic Nurses, ƙungiyar nas-nas 'yan Latino da aka kafa a 1975, tana da rassa a birane da dama, kuma nas ɗin ɗakin haihuwa ta ga abin da ido. Hispanics in Philanthropy, ƙungiyar 'yan Latino masu harkar bayar da tallafi, ta fi dacewa in mai sanin hanyar masu bayar da tallafi ake nema. Aibinsu ɗaya: mutanen nan kowa na jan su, wata tana kwamiti uku.

Ni dai ƙofar da na fi so ita ce ta matan da ake kira promotoras, ma'aikatan lafiya na unguwa masu shiga gida-gida. Su ne suka san cuarentena, kwana 40 ɗin da mai jego ke zaman gida ana yi mata hidima, tamkar arba'in ɗinmu. Sun san cewa uwa ba za ta ce tana da ciwon damuwa ba, sai dai ta ce "nervios", wato rashin natsuwa, ke damunta, kuma sun san wadda tsoron hukumar shige da fice ya hana zuwa asibiti. Ƙungiyar tallafa wa masu jego ta Postpartum Support International, da Jane Honikman ta kafa a 1987 a Kalifoniya, tana da masu aikin sa-kai da Sifaniyanci, cikinsu har da iyayen da suka sha wannan ciwo suka warke. Can ma wurin tambaya ne.

Wannan ƙofa tana da nata kuɗin. Ƙa'idar cewa kowane ɗan kwamiti ya bayar ko ya tara dubban daloli a shekara dole a sassauta ta. A biya tafinta da mai raino, a mayar da taro yamma bayan tashi aiki.

Kuma kada a ɗauki mutum ɗaya a ce an gama. 'Yar asalin Kuba a Miyami ba za ta yi magana da yawun manomiya daga jihar Oaxaca ta Meziko ba, wadda Mixtec ne harshenta, Sifaniyancin ma kame-kame take yi. A ɗauki biyu ko uku lokaci guda, a ba ɗaya kujera a kwamitin kuɗi.