Sharhi: Epson L3250 da HP LaserJet P1102, wace ce ta fi cin kuɗi a shago?

Masu shagon buga takardu sun saba cewa firintar leza tana shan wuta. Gaskiya ne, amma ba a mita take cizo ba. P1102, wadda ita ce ta leza, tana jan wat kusan 360 in tana bugu, shafi 18 a minti ɗaya. Shafi dubu bai kai awa guda ba, wato kusan sulusin yunit. Ko a layin Band A mai kuɗin wuta mafi tsada, inda yunit ya haura naira 200 a Afrilun 2024, abin wajen naira 70 ne. L3250 kuwa, mai amfani da tawada, wat 12 take ja. Tazarar tana da girma, amma a aljihu kuɗin ruwan leda ne.

Inda leza ke wahalarwa shi ne inbata. Tana da hita a ciki mai narka garin tona ya manne a takarda, kuma duk lokacin da hitar za ta ɗau zafi sai ta fizgi wuta. Ƙaramar inbata mai ɗauke da kwamfuta da fanka sai ta yi ƙara ta ɗauke. Daga nan ko a sayi babba a ƙara batir, ko a tada janareta don shafi biyar kacal. Wannan kuɗin ne ba a sa shi a lissafi ranar saye.

Tawada ma Epson ce gaba. Kwalbar baƙa mai lamba 103, mililita 65, kamfanin ya ƙiyasta mata shafi 4,500. Tona 85A ta P1102 kuwa 1,600. Kusan tona uku ke nan a kwalba ɗaya, kodayake takarda mai hoto ko tambari ba ta kai wannan adadin.

Sai dai L3250 ba ta son zama. Ta yi mako biyu ba bugu, musamman cikin ƙurar hunturu, tawada kan bushe a hed, wato bakin da ke fesa ta a takarda, rubutu ya fito da farin layi. Wankin hed yana cin tawada, yana kuma cika soson da ke tsotse ragowar, har wata rana ta tsaya sai an kai wa mai gyara. A buga shafi mai launi ɗaya duk kwana uku, a rufe ta da ƙyalle. Kuma rubutunta na zuba in ruwa ya taɓa shi, don haka takardar filin da za a adana shekaru, a kai ta kan leza.