Ra'ayina Kan Keken Guragu Mai Ɗaga Mazauni da Karkata Shi

Keken guragu na lantarki da mahaifina yake amfani da shi yana da na'urar da ke ɗaga mazauni sama da kimanin santimita 30, kuma tana karkata mazaunin tare da majinginar baya ba tare da cinyoyi sun zame gaba ba. Karkatawar ce ta fi amfani a wurinmu, domin wanda ya wuni a zaune yana cikin haɗarin gyambon da doguwar zama ke jawowa, kuma idan aka kwantar da mazaunin da digiri 30 ko fiye, nauyin jiki yana barin ƙasusuwan ɗuwawu ya bazu a gadon baya. Ɗagawar kuwa ta ba shi damar ɗauko kofi daga kanta da kansa, da yin magana da baƙi ido cikin ido, abin da ba ƙaramin mutunci ba ne ga dattijo.

Kamfanin da ya ƙera keken yana alfahari da takardar haƙƙin ƙirƙira da ya samu a kan wannan na'ura, amma ya kamata mai saye ya san cewa masu binciken irin wannan takarda suna duba ne ko dabarar sabuwa ce, ba su auna ƙarkonta ko jin daɗin mai zama a kai.

Aibin keken biyu ne. Keken yana rage gudu sosai idan mazaunin yana sama, wanda hakan kariya ce daga kifewa, kuma nauyinsa ya sa ɗora shi a mota sai da matakala ta musamman. Duk da haka ina ba masu jinyar wanda ba ya iya gyara zamansa shawarar su neme shi.