Harsashin dalma ko na jan ƙarfe? Amsa ga Alhajinmu mai shirin farauta a Limpopo

Salam 'yan uwa. Alhaji, ranka ya daɗe, na ga tambayarka tun jiya da daddare ina cikin go-sulo ɗin Apapa, shi yasa sai yanzu na samu zama. Ga waɗanda basu gani ba, Alhaji zai je Afirka ta Kudu farauta a wata gona a Limpopo, mai gonar zai bashi aron bindiga biyu, matsakaiciya .30-06 da babba .375 (lambobin nan sunan irin harsashin da kowace ke ci ne), ya ce ya zaɓi harsashin da za'a saya masa, ko Remington Core-Lokt mai dalma a ciki ko Barnes TSX wanda jan ƙarfe ne zalla. Abinda zai harba impala (wata dabba mai kama da barewa), gwanki, jakin dawa, in aljihu ya yarda kuma ɓauna ɗaya. Tambayar ita ce wanne baya bada kunya.

Toh da farko dai ka yi dabara da ka bari a saya maka can. Harsashi a Najeriya sai da lasisi kamar yadda bindiga take, kar wani ya baka kwali ɗaya a Agege yace tsaraba ce ka nufi filin jirgin Ikeja da shi.

Core-Lokt tsohon hannu ne, tun 1939 Remington suka fito dashi. Yadda yake shine dalma a ciki, an sa mata riga ta jan ƙarfe, bakin a buɗe dalmar ta leƙo. In ya bugi nama sai bakin ya baje ya yi faɗi nan take, ya ragargaza huhu, kuma wasu ɓurɓushin dalmar su watsu gefe da gefe. Shi yasa dabba mai siririn jiki irin impala in ka sameta bayan kafaɗa bata nisa, wani lokaci a wurin take faɗuwa. Ga arha, ga shi kusan kowace .30-06 tana harba shi daidai. Matsalarsa kuma daga nan take fitowa, rigar da dalmar ba'a haɗe suke kamar walda ba, riƙe juna kawai suka yi, to in ya ci karo da ƙashi mai kauri yana cikin tsananin gudu zai iya rabuwa, riga ta tsaya nan dalma ta tarwatse can, nauyin ya zube kafin ya isa zuciya. Daga waje sai ka ga rauni babba, amma a ciki bai yi zurfi ba, dabba ta tafi da ciwo.

TSX shi kuma ba dalma ko ɗigo. Barnes sun fara fito da irinsa a 1989 da sunan X, daga baya a 2003 suka yi masa tsaga-tsaga a jiki saboda na farkon yana barin jan ƙarfe da yawa cikin bututun bindiga, shine ya zama TSX. Akwai rami a bakinsa, in ya shiga sai bakin ya tsage gida huɗu ya naɗe baya, sauran jikin kuma yana nan ƙam tunda ƙarfe ɗaya ne babu abinda zai rabu da wani. In an ciro shi an auna yawanci kusan duk nauyinsa yana nan, in ma an same shi kenan, don mafi yawan lokuta fita yake ta ɗaya gefen. Kuma wannan fitar ita nake so ka riƙe Alhaji. Ramin shiga ƙarami ne, fata da kitse suna iya toshe shi, ramin fita shine mai zubar da jini a ƙasa, jinin nan kuma shi mai bin sawu zai bi cikin ƙaya. A gonakin can ƙa'idar ita ce in ka ɗiga jini ka biya kuɗin dabbar, ka same ta ko baka same ta ba.

Amma shima yana da nashi sharaɗin. Jan ƙarfe ya fi dalma tauri, sai da gudu yake buɗewa sosai, in gudun ya sauka ƙasa da wajen mita 600 a daƙiƙa buɗewar tana raguwa, ya zama ya huda ne kawai ya wuce da ɗan siririn rami. Wannan damuwar masu harbi daga nesa ce a fili fetal. Kai dajin Limpopo zaka, itatuwa da ƙaya ne ko'ina, yawancin harbi bai kai mita 150 ba, harsashi na isa da sauran ƙarfinsa. Kaga kenan wurin da TSX yake gazawa ba zaka je ba, wurin da Core-Lokt yake gazawa kuwa, harbi kusa-kusa a kan ƙashi, nan zaka wuni. Ga kuma wani abu da mutane da yawa basu lura ba, dabbobin dawan Afirka zuciya da huhunsu sun matso gaba suna tsakanin kafaɗu, ƙwararren mafaraucin da zai raka ka, wanda dama doka ta ce baƙo baya farauta sai da shi, zai ce ka bi ƙafar gaba ka hau zuwa kashi ɗaya cikin uku na jiki ka harba nan. Wato da gangan zaka bi ta kafaɗa.

Maganar nauyi, da giren ake aunawa, giren 180 wajen giram 11 da rabi ne da ɗoriya. A .30-06 in dalma ce ka ɗauki 180, kar ka yarda da 150, saboda mai nauyin yana fita a wajen mita 820 a daƙiƙa, gudu ne matsakaici wanda baya sa shi fashewa da wuri, kuma gaskiya a haka Core-Lokt ya kashe namun dawa ba adadi, ba zan zalunce shi ba. In TSX ne kuma ka sauko 165 ko 168, tunda jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba harsashin yana fin tsawo, kuma tunda baya zubar da nauyi mai 165 ɗin zai shiga zurfin da mai dalma 180 zai shiga ko ya wuce.

Akwai na tsakiya da baka ambata ba kuma ya kamata ka tambayi mai gonar ko ana samu. Nosler Partition. Shi John Nosler, wanda ya ƙirƙiro shi, a 1946 ya harbi wata ƙatuwar dabbar dawa a Kanada jikinta duk busasshen taɓo, harsashinsa ya tarwatse bai shiga ba, ya dawo gida ya ƙera wanda aka raba cikinsa biyu da katanga, dalmar gaba ta baje ta yi ɓarna, ta baya ta tsaya a kulle ta ci gaba da turawa, ya fara sayarwa a 1948. Yana riƙe wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa. Sai Swift A-Frame, shima da katangar amma dalmar gaban an manne ta da rigar, yana riƙe sama da kashi 90. In da impala da gwanki kaɗai zaka harba wallahi Partition 180 zan ce maka in yi shiru.

Ɓauna kuwa wata magana ce daban, nan bana son a kawo zancen arha sam. Ɓaunar can ta fi tamu ta Yankari girma, namiji yana kaiwa kilo 800, fata mai kauri, haƙarƙari masu faɗi sun kusa rufe juna, kuma in ta ji ciwo bata mutu ba shiga duhuwa take ta jira mai bin ta, kuma wanda ke gaba shine mai bin sawu, talaka mai iyali wanda ko bindiga baya riƙewa. Don haka .30-06 ta zauna a mota. .375 ɗin nan da kamfanin Holland & Holland na Landan suka fito da ita a 1912 ita ce mafi ƙanƙantar da ƙasashe da dama suka yarda a tunkari irin waɗannan dabbobi da ita, a sa mata giren 300, TSX ko A-Frame. Tsoffin maharba suna sa mai buɗewa a harbin farko, na bayansa kuma su jera dunƙulallu marasa buɗewa, don in ta juya tana gudu harsashi ya ratsa daga baya har ƙirji. Sai dai in tana cikin garke a kula, TSX da dunƙulalle duka suna iya fita su samu wadda ke bayanta, ka ji wa biyu ciwo ka biya biyu. Jira ta ware tukuna.

Sai nama, tunda na san ba ƙaho kaɗai ya kai ka ba. Dalma in ta tarwatse ƙananan ɓurɓushinta suna shiga nama nesa da ramin, ido baya gani, kuma mu da muka ga abinda gubar dalma ta yiwa yara a Zamfara a 2010 bama buƙatar dogon bayani, duk da can daga haƙar zinare ne. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019. In ka harba da dalma a yanke wurin raunin da faɗi a zubar, musamman in yara ko mai ciki zasu ci. Kuma ka ambaci sunan Allah lokacin harbi, wuƙa tana jikinka, in ka riske ta da rai ka yanka. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa, ni kuma bana ganin kyautatawa a ce an rage kuɗin kwali ɗaya dabba ta kwana da karyayyar kafaɗa a daji.

Don haka Alhaji ni TSX na zaɓa maka a duka biyun, 168 a .30-06, 300 a .375. Bambancin kuɗin kwalin bai kai ko kusa da kuɗin jakin dawa ɗaya da ya ɓace ba, balle tikitin Legas zuwa Johannesburg. Sharaɗi ɗaya, ranar da ka sauka kafin a shiga daji ka ce a kai ka wurin gwaji ka harba ainihin harsashin da zaka yi farautar dashi a mita 100, saboda bindigar da aka saita da dalma in an sa mata jan ƙarfe wurin faɗawar yana iya gocewa, kuma akwai bindigar da sam bata jituwa dashi, sai ka ga harbi uku kowanne ya kama gabansa. In ta nuna haka kar ka tilasta mata, ka koma Partition ko A-Frame. Ita .375 kuma ka gwada ta a tsaye kan sandunan da za'a kafa maka, tana da duka a kafaɗa, gara ka san shi tun a wurin gwaji. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya.