Sabon injin gilashin da na ɗaura wa motata da hannuna, bayan wata huɗu ina amfani da shi

Motata Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda aka fi sani da EOD a nan Kano, kuma ta daɗe a hannun wasu kafin ta zo hannuna. A ƙarshen hunturun da ya wuce gilashin ƙofar direba ya fara nauyi wajen hawa, yana tafiya yana tsayawa, ni kuwa na riƙa tallafa masa da tafin hannu ina cewa gobe zan duba. Ina kan layin shan mai ranar da abin ya ƙare. Na ja makunni, na ji ƙara kamar an taka busasshen kara, sai gilashin ya karkace ya zurma cikin ƙofa. Ban ɗora wa motar laifi ba, domin ƙurar da ta sha da sakacin da na yi na watanni sun isa su kashe kowane inji.

Kafin in sayi komai na zauna na saurari ƙofar, kuma wannan sauraron ya hana ni kashe kuɗi a inda ba ciwon yake ba. Idan aka danna makunni ba a ji motsin komai ba, ana fara zargin fis, ko makunnin, ko wayoyin da suka ratsa cikin robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, waɗanda kan karye saboda yawan buɗewa da rufewa. Idan fitilar cikin mota ta ɗan dusashe lokacin da aka danna amma gilashi bai motsa ba, wuta tana isa ga injin, wani abu ne ya riƙe shi. Nawa kuwa yana juyawa da ƙarfinsa, ana jin ƙarar waya tana murɗewa a ciki, wanda ya nuna cewa siririyar igiyar ƙarfen da ke jan gilashi sama da ƙasa ce ta tsinke ta cukurkuɗe a kan ƙwaryarta.

A kasuwar Ƙofar Ruwa na tarar da zaɓi biyu. Akwai na gwanjo da aka ciro daga wata motar, akwai kuma sabo a kwali wanda ba kamfanin motar ne ya ƙera shi ba, ya zo haɗe da ƙarfen da gilashi ke bi da igiyarsa da ɗan injin lantarkinsa. Na ɗauki sabon ne saboda na gwanjon ma ya kai shekarun wanda ya mutu mini, kuma ba na son in sake buɗe ƙofar kafin shekara ta zagayo. Mai shagon ya fara miƙo mini wani mai baki biyu a soket, na ce masa wanda na ciro yana da shida. Ya ce, “Alhaji, ai duk ɗaya ne, mai wayarin zai haɗa maka.” Ba ɗaya ba ne. Wayoyi biyu suna kai wuta ne kawai, sauran kuwa na ɗan na'urar da ke ƙirga juyawar injin ne, wadda da ita motar ke sanin inda gilashi ya kai. Wanda ya karɓi mai baki biyu zai samu gilashi yana hawa yana sauka, amma ya yi sallama da hawa da kansa a ja ɗaya, ya kuma yi sallama da tsaron da ke mayar da gilashi baya idan ya matse hannun yaro. Na tsaya har ya shiga ciki ya nemo mai shida.

Ɗaurawar ba ta da wuyar da nake tsoro. Da sukudireba da sufana mai lamba 10 da salatif mai faɗi na yi kusan komai. Na kwance sukurorin da ke ɓoye a bayan mariƙin buɗe ƙofa da cikin wurin jan ƙofa, na ɓamɓare bangon ciki a hankali, duk da haka maɓallan roba biyu suka karye saboda rana ta busar da su, don haka ya kamata mutum ya sayo wasu tun kafin ya fara. Ledar da ke manne a jikin ƙarfen ƙofa na ɗaye ta ban yaga ba, domin ita ce ke hana ruwan damina jiƙa bangon ƙofa da wayoyinsa, ko da yake na sha ganin an yage ta an jefar a gareji. Na kwance ƙusoshi biyun da suka riƙe gilashi, na ɗaga shi da hannu na manne shi da salatif a saman ƙofa, sannan na zaro tsohon injin ta babban ramin. Ramukan sabon sun dace da na ƙofar ba tare da na faɗaɗa ko ɗaya ba, kuma a nan ya cancanci yabo, tunda ba kowane kayan kwali ke zama daidai haka ba. Na cire kan batir kafin in taɓa soket, abin da ya sa rediyo ya nemi lambar sirrinsa daga baya, kuma da ban same ta a rubuce cikin takardun motar ba da na shiga wata hidimar.

Matsalar ta fito ne bayan na mayar da komai. Idan na riƙe makunni gilashin yana hawa har ƙarshe, amma idan na ja sau ɗaya na saki domin ya hau da kansa, sai ya kai dab da sama ya juyo ya sauka kamar ya ci karo da wani abu. Na gwada ya fi sau goma, raina ya ɓaci, har na ɗauko kwalin da niyyar mayar wa mai shago kayansa da safe. Wannan ne babban abin da nake riƙe da shi a kan wannan kaya: babu ko 'yar takarda a cikin kwalin da ta ce bayan ɗaurawa dole a sake koya wa motar iyakar gilashin, kuma mai sayarwa ma bai ambata ba. Na tabbata an mayar da injina masu lafiya da yawa saboda wannan shiru.

Dalilin juyowar yana da sauƙin ganewa. Na'urar da ke kula da gilashin direba ba ta ganin gilashi, ƙirgen juyawar inji take bi, kuma idan ta ji juyawar ta ragu kafin wurin da ta sani a matsayin ƙarshe, sai ta ɗauka hannu ne ko kai ya shiga, ta mayar da gilashin ƙasa. Ita kuwa har lokacin lissafin tsohon inji ne a kanta. Littafin motar ya ba da hanya gajeriya ta bayan an cire batir: a tayar da mota, a danna makunni a riƙe har gilashi ya sauka gaba ɗaya, sannan a ja a riƙe har ya rufe, a ci gaba da riƙewa daƙiƙa ɗaya ko biyu. Na yi hakan sau uku bai zauna ba, sai da na bi doguwar hanyar da ke goge tsohon lissafin tukuna. Na sauke gilashi ƙasa, na bar ƙofar direba a buɗe, na kashe makulli, na danna makunnin saukarwa na riƙe, na murɗa makulli zuwa inda fitilun gaban direba ke kamawa, sannan na saki makunnin. Sau huɗu ake yin wannan a jere ba tare da jinkiri ba, kuma a karon farko na yi sanyin hannu sai da na sake daga farko. Alamar cewa ya gogu ita ce hawa da sauka da kansa su daina aiki gaba ɗaya. Daga nan na maimaita gajeriyar hanyar, na ja makunni sau ɗaya, gilashin ya hau ya zauna a mazauninsa.

Kwana biyu bayan haka ya sake juyowa sau ɗaya da tsakar rana, kuma wannan karon laifin robar da gilashi ke bi a gefe da gefe ne. Da na zura tsumma a kan tsinke cikin kwarin robar, abin da ya fito jar ƙasa ce da ta daskare kamar laka. Na wanke ta da ruwa da ɗan sabulu, ta bushe, na fesa man silikon. Wani maƙwabcina ya ce in shafa baƙin mai ko giris, na ƙi, domin man fetur da danginsa suna lalata roba, kuma ƙura tana manne musu. Ina kyautata zaton wannan dattin ne ya wahalar da tsohuwar igiyar har ta tsinke, kuma da na bar shi da sabuwar ma ta bi sahunta. Tsaron matsewa kuwa na gwada shi da tawul da na naɗe na sa a bakin taga, gilashin ya taɓa shi ya koma ƙasa. Ba na ba kowa shawarar ya gwada da hannunsa.

Bayan wata huɗu, ciki har da farkon damina, injin yana aiki ba tare da ya sake juyowa ba. Ya fi na asali ƙara, musamman wajen sauka, kuma idan na ja makunnan gaba biyu lokaci ɗaya gilashin gefen fasinja yana riga shi rufewa da ɗan kaɗan. Robobin da igiyar ke zagayawa a kansu sun fi na tsohon sirantaka, shi ya sa ba na sa ran zai yi shekarun da na asali ya yi. Duk da haka zan sake sayensa a kan farashin da na biya, muddin mai baki shida ne, kuma mutum yana da yammaci guda da zai ba aikin ba tare da gaggawa ba. Gilashin baya na hagu ya fara irin nauyin da na gaba ya yi a hunturu, kuma na riga na wanke robarsa a makon jiya.