MBA ko mastas na gudanarwa: wa kowannensu yake nema?

Ɗan'uwa, ka ce ka gama digirin farko da sakamako mai kyau, ka yi shekara biyu kana aiki, sai ka ga makarantar kasuwanci ɗaya tana tallata MBA, wato mastas na harkar kasuwanci, da kuma mastas na gudanarwa, wanda suke kira MiM. Kana tambaya wanne za ka nema, kuma me ya sa ake mayar da masu sakamako mai ƙarfi a MBA alhali an ɗauki waɗanda ba su kai su ba.

Amsar tana shafin da yawancin masu nema suke tsallakewa, wato inda makaranta ta rubuta manufarta. Makarantar kasuwanci ta Harvard, da aka kafa a 1908, ta ce aikinta horar da shugabannin da za su kawo canji a duniya. Makarantar kasuwanci ta INSEAD, da aka kafa a 1957 a Fontainebleau ta Faransa, ta ce aikinta haɗa mutane da al'adu da ra'ayoyi daban-daban, shi ya sa take buƙatar ɗalibin MBA ya san wani harshe bayan Ingilishi, take kuma kula kada 'yan ƙasa ɗaya su cika aji. Waɗannan kalmomi ba ado ba ne. Hukumar AACSB, mai tantance makarantun kasuwanci, da manufar da makaranta ta shata wa kanta take auna ta: kin ce ga abin da kike yi, to nuna mana a ɗalibanki da malamanki da darussanki. Saboda haka kwamitin ɗaukar ɗalibai ba jera mutane yake yi daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa ba. Aji yake haɗawa.

A nan shirye-shiryen biyu suka rabu. A MBA ɗalibai su ne rabin kayan karatun. A Harvard ɗalibi yakan bi ta kan labaran matsalolin kamfanoni kusan 500 a shekara biyu, malami ya kira sunansa ba zato ya ce me za ka yi da kai ne shugaban wannan kamfani, kuma abin da yake faɗa a aji yana iya kai rabin makinsa. Wanda bai taɓa rasa kwastoma ba, bai taɓa riƙe kasafi ba, bai taɓa jan mutanen da suka girme shi ba, me zai saka a tukunyar? Shi ya sa hukumar AMBA ta Ingila, mai tantance shirye-shiryen MBA, take son ɗaliban MBA su zo da aƙalla shekara uku na aiki, kuma a manyan makarantu matsakaicin aji yana kusa da shekara biyar. MiM kuwa an gina shi ne don sabon kammalawa. Tambayarsa ita ce ko za ka iya ɗaukar akanta da ƙididdiga da tattalin arziki a dunƙule cikin shekara ɗaya ko sama da haka, sannan kamfani ya ɗauke ka a matakin farko. Makarantar kasuwanci ta Landan, alal misali, ba ta son ƙwarewar aiki ta mai neman MiM ta wuce shekara biyu.

Ka ga ke nan kana tsaye a kan iyaka: ƙofar MiM tana gab da rufe maka, ta MBA ba ta gama buɗewa ba. Ka kula da yadda ake ƙirga shekarun. Yawanci ranar fara karatu ake dubawa, ba ranar cike fom ba, kuma aikin cikakken lokaci bayan digiri ake nufi. Aikin koyon sana'a na lokacin karatu ba kasafai yake shiga lissafi ba.

Sakamakon digiri a MiM shi ne ginshiƙi, don ba ka da wani dogon tarihin aiki da za a duba. Makarantun Ingila da yawa suna neman 2:1 ko daidai da shi, idan kuma mastas na hada-hadar kuɗi ne za su bi takardar sakamakonka darasi bayan darasi su ga lissafin da ka yi. A MBA sakamako shaida ce kawai cewa ba za ka nutse ba. Da zarar sun gamsu, hankalinsu ya koma kan abin da ka yi da hannunka.

Jarrabawar shiga iri ɗaya ce ga duka biyun, GMAT ko GRE, kuma kowacce tana aiki shekara biyar. GMAT ta yanzu, wadda ta fito a ƙarshen 2023, sashe uku ce, kowanne minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu 23, nazarin bayanai 20. Makinta daga 205 zuwa 805. Kuskuren da ake yawan yi shi ne auna sabon maki da tsohon ma'auni na 200 zuwa 800. Wanda ya sami 645 a sabuwa ya yi daidai da mai kusan 700 a tsohuwa, amma sai ka ga ya tsorata ya sake zama ba gaira ba dalili. GRE kuma lissafi da harshe kowanne daga 130 zuwa 170 ne. Kwamiti ba jimla kaɗai yake kallo ba: mai digirin adabi da makin lissafinsa ya yi ƙasa yana da matsala ko da jimlarsa ta yi kyau, haka injiniyan da ya faɗi a ɓangaren harshe. Jarrabawar Ingilishi ta IELTS da TOEFL shekara biyu kawai suke aiki, don haka kada ka riga ka zauna su. Ko an koyar da kai da Ingilishi, kowace makaranta da ƙa'idarta wajen yafe wannan jarrabawa. Ka nemi amsar a rubuce.

Inda masu sakamako mai kyau suka fi zubewa a MBA shi ne wasiƙar shaida. MiM yana karɓar ta malamin jami'a. MBA yana son ta shugabanka na wurin aiki, wanda yake ganin aikinka kullum. Mutane sai su tsallake shi su je wajen wani babba mai suna wanda sau biyu ya taɓa ganinsu, ya rubuta cewa yaro ne mai ladabi da ƙwazo. Wannan wasiƙa ba ta ce komai ba. Fom ɗin da makarantu da yawa suke amfani da shi yana tambayar abu biyu: yaya aikinsa yake idan aka gwada da takwarorinsa, kuma wane gyara mafi muhimmanci ka taɓa yi masa, ya kuma karɓe shi yaya? Mai amsa irin wannan dole ya iya cewa: na ba shi rumbun kaya da lissafinsa ba ya daidaita, ya gano cewa ana shigar da kayan da aka dawo da su sau biyu, ya gyara tsarin, amma da farko ba ya sauraron ma'aikatan da ke ƙasa da shi sai da na ja masa kunne. Aibin da aka ambata tare da gyaransa ya fi yabo tsagwaro amfani.

Muƙalar neman gurbi ma haka take. Makarantar kasuwanci ta Stanford a Amurka ta daɗe tana tambayar me ya fi komai muhimmanci a wajenka, kuma me ya sa. Wanda ya kwafo kalmomin manufar makaranta ya mayar mata da su, nan take ake gane shi. Abin da ake so shi ne aikin da ka yi ya nuna manufar ba tare da ka furta ta ba. A MiM muƙala ta fi sauƙi: me ya sa wannan kwas, wane aiki kake hange, me ya sa yanzu.

Ganawa kuwa kowace makaranta da salonta, kuma salon yana tona abin da take nema. Harvard sai ta gayyace ka, minti 30 da wanda ya karance fayil ɗinka tsaf, sannan ka aika rubutaccen tsokaci cikin awa 24. INSEAD tsofaffin ɗalibanta biyu take haɗa ka da su. Makarantar Wharton ta Amurka tana zaunar da masu nema biyar ko shida su warware matsala tare, tana kallon wanda yake danne mutane da wanda yake jawo su. A MiM sau da yawa za ka gamu da tambayoyin bidiyo, agogo yana tafiya, ba damar sakewa.

Ra'ayina a kan halinka: idan har yanzu aikin da aka ba ka kake yi, ba ka riƙe mutane ko kuɗi ko wani aiki daga farko zuwa ƙarshe ba, kuma kana son sauya fanni da wuri, nemi MiM a wannan zangon kafin shekarunka su wuce. Idan kuwa nauyi yana ƙaruwa a kanka, ka yi haƙuri shekara ɗaya ko biyu, ka zauna GMAT yanzu tun karatu bai bar kanka ba. MiM ba ya hana ka MBA nan gaba, amma wasu makarantu ba sa ɗaukar wanda ya riga ya yi MBA a wani wuri, don haka kada ka yi wanda ka samu kawai da niyyar sakewa.

Ko wanne ka zaɓa, ka shiga zagayen farko ko na biyu na karɓar fom. Harvard zagaye biyu take yi, farkon Satumba da farkon Janairu. Masu zagaye uku ko huɗu kuma kafin na ƙarshe gurabe sun ragu, tallafin karatu an raba, lokacin neman biza ya ƙure. Idan makarantar tana buƙatar wata hukuma irin WES ta tantance takardunka, ka fara da wannan, domin sai jami'arka ta aika sakamakon da kanta, kuma fayil ɗin da bai cika ba ranar rufewa akan tura shi zagaye na gaba. Kuɗin kama gurbi bayan an ɗauke ka galibi ba a mayarwa, ɗage fara karatu kuma ba a cika amincewa da shi ba sai da dalili mai ƙarfi kamar rashin lafiya.